To Ɗin Oddvar

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da mijina Oddvar, kalma ɗaya ta rage masa a baki: to. Yana ji, yana ganewa, idonsa ras, har jarida yana karantawa ya ja tsaki idan ya zo shafin siyasa. Amma ko mene ne a ransa, in ya buɗe baki "to" ce za ta fito. Ni da nake kwana nake tashi da shi na san kowacce. Akwai gajeriya, ta amincewa. Akwai mai ja, wadda yake haɗawa da ɗaga gira, ma'ana ban gamsu ba amma yi abin da kika ga dama. Akwai kuma wadda yake jerawa, to, to, to, yana bubbuga hannun kekensa na guragu da hannun hagu. Wannan a'a ce, kuma mai zafi. Mutanen tsibirinmu kuwa duk ɗaya suke jin su.

Mutum ne da ya yi rayuwarsa a kan ruwa, yana kamun kifi tun kafin gemu ya fito masa. Bazarar da ta biyo bayan ciwon a bakin taga ya yi ta, yana bin jiragen mutane da ido har su sha kwanar tsauni. Tsohon jirginmu ba ya ɗaukar keke, ko mai lafiyar ƙafa sai ya yi da gaske yake shiga. Na gaji da kallon ƙeyarsa a tagar nan. Shi ya sa da na ji wata gonar kifi za ta rabu da tsohon jirgin aikinta, na saya ban shawarci kowa ba. Na kuma yi masa alkawari cewa ranar bikin Sankthans, in an kunna wutar tsakiyar bazara a kan tsauni, daga kan ruwa za mu kalle ta kamar yadda muka saba tun muna saurayi da budurwa. Ya ce to, gajeriya.

Jirgin irin tagwayen nan ne, katamaran: kwale-kwale biyu sirara a jere, daɓe ɗaya shimfiɗe a kansu, inji biyu a baya. Ba ya tangaɗi, kuma keke na hawa kansa kai tsaye daga dakalin bakin ruwa. A tsibirin da kakan kowa ya sassaƙa jirgi mai ƙashin baya ɗaya, ai kuwa na samar wa mutane abin taɗi. Steinar, wanda suka yi shekara da shekaru suna jan koma tare da Oddvar, ya zagaya shi hannu a aljihu, ya leƙa ƙasa, ya leƙa sama, sannan ya dubi abokinsa.

"Kai Oddvar, ashe gado matarka ta sayo maka."

Haka Steinar yake. Maganar jirgi ba ya yin ta da ni ko ina tsaye a gabansa da spana a hannu, sai ya karkata ya yi ta da Oddvar. Ba raini ba ne, na sani. Tun da ciwon ya zo mutane suka koma yi wa mijina magana kamar yaron goye, ko su tsallake shi su tambaye ni ko yana shan sukari a kofi. Steinar kaɗai ya ƙi. A wurinsa Oddvar ne mai jirgi, shi ake tambaya, shi ake jira ya amsa. Ina gode masa da wannan har cikin raina, kuma babu abin da ya fi shi ƙona mini rai a halinsa.

Da muka jawo jirgin kan tudu da tarakta na ga abin da masu sayarwa ba su faɗa ba. Bangon baya, inda injinan suke rataye, ya ruɓe daga ciki. Na danna sukundireba ta shige salin alin, ruwa mai wari ya biyo ta, katakon da ke tsakanin faiba, robar nan mai tauri da ake yin jikin jirgi da ita, ya zama kamar burodin da ya kwana a shayi. Ban tsorata ba. Kafin in yi ritaya aikin faiba na yi a wata masana'antar jirage a babban yanki, can ƙetaren ruwa, na cire irin wannan bango na mayar ban san adadi ba. Abin da na sani shi ne, a jirgin tagwaye yankan da liƙin ba su ne aikin ba. Tallafar jirgin ita ce aikin.

Jirgi mai ƙashi ɗaya, ka ɗora ƙashin a kan katako, ka tokare gefe da gefe, shi ke nan, yanka abin da kake so. Tagwaye kuwa bangon bayan nan ne ke riƙe da wutsiyoyin biyu a haɗe. Ka cire shi, kowace wutsiya sai ta kama gabanta, ɗaya ta sauka, ɗaya ta buɗe, in kuma ka liƙa sabon bango a haka, a haka jirgin zai dawwama. Filinmu kuma ga gangara zuwa ruwa, ɓangaren dama tsakuwa ce mai laushi. Na sauke injinan. Na sa turakan ƙarfe a ƙarƙashin kowane ɗayan tagwayen, daidai inda yake da ƙarfi daga ciki. Wutsiyoyin kuwa na nemo musu gungume guda, dogon baƙin katako da ya sha kwalta, ragowar tsohon dakalin da aka rushe. Na gitta shi a ƙarƙashinsu su biyu, na bubbuga weji, ƙananan katakai masu tsini, har kowacce ta zauna daram. Sannan na cika siririn tiyo mai garai-garai da ruwa, na riƙa kai bakinsa kusurwa zuwa kusurwa ina ja da fensir, ina ƙara weji ina ragewa, har ruwan ya yarda cewa dama da hagu sun daidaita.

Na ɗauki kwanaki ina wannan rarrafen, kuma duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya ya ba da tasa gudummawar ta baki.

"Har yanzu ba a fara ba?" in ji Gunnvor, matar Steinar, tana ajiye farantin wainar wafil a cinyar Oddvar.

"An fara. Wannan shi ne aikin."

"Au. Na ɗauka wani abu kika yar kike nema."

Steinar ya tsuguna ya ƙare wa turakan kallo, ya taɓa gungumen da takalmi. "Oddvar, jirgin nan ƙafa nawa gare shi ne? Na ƙirga tokara har na gaji. Ka ce wa matarka ba coci take ginawa ba."

"Kada wanda ya taɓa mini komai a ƙarƙashin nan," na ce daga inda nake kwance.

"Wa zai taɓa? Kallo muke."

"Kallon ma a yi shi daga nesa."

Ya yi dariya ya ɗauki wafil ɗaya daga farantin abokinsa. Idonsa dai na kan gungumen, na gani, ban kawo komai a raina ba. Na manta cewa Steinar ne sarkin wutar Sankthans, kuma a makonnin nan ba katako yake gani a matsayin katako ba. Kowace shekara shi da taraktarsa suke bin gaɓar ruwa gida-gida, duk wani ice da ke yashe a waje na wuta ne, haka aka saba tun kafin a haife mu. Tambaya ɗaya ake yi wa mai gida don ladabi, ba a kuma taɓa jin wanda ya hana ba. Ice mai kwalta kuwa shi ne abin alfahari, don shi ke riƙe wuta bayan sauran sun zama toka.

Na yanke tsohon bangon, na kankare ruɓar har na kai ga lafiyayyen jiki, ƙurar faiba ta shiga ko'ina har cikin kunnena. Na yanka sabon falanki rubi biyu, na gwada, na rage, na sake gwadawa. Ranar liƙin na tashi da wuri, na duba tiyona, layin fensir na nan inda na bar shi. Na dama gam, na shafa, na kafa bangon, na bi shi da ƙyallen faiba shimfiɗa bayan shimfiɗa. Kafin hantsi na gama, kuma ba yabon kai ba, aikin ya yi kyau. Abin da ya rage kawai shi ne a bar jirgin ya zauna shiru har gam ya kama. A cikin sa'o'in nan ko kyanwa ba na so ta hau kansa.

Sai na tarar ƙusoshin ɗaure injin da aka aiko mini gajeru ne. Ko in bi jirgin fito na rana zuwa babban yanki in canjo, ko in jira wani mako. Na tura Oddvar inuwar rumfa, inda yake son zama yana kallon aikin, na rufa masa bargo a gwiwa, na roƙi Gunnvor ta riƙa leƙa shi.

"Kai ne mai gadi," na ce masa. "Kada ka bar kowa ya zo kusa."

Ya ce to, har da ɗan murmushin ɓari ɗaya da yake yi.

Da yamma na sauko daga fito da ledar ƙusoshi a hannu. Tun daga kan hanya na hango tarin icen Sankthans a kan tsauni ya ƙara tsawo, da wani dogon baƙin abu a tsaye a tsakiyarsa. Na kalle shi na ci gaba da tafiya, don zuciyata ta ƙi yarda da abin da idona ya gani. Sai da na ga sawun tayar tarakta a tsakuwar filinmu sannan na fara gudu.

Oddvar na nan inda na bar shi, fuskarsa ja wur, gefen hannunsa na hagu ya kumbura. Gunnvor na zaune kusa da shi tana saƙa.

"Yau dai maigidan naki bakinsa ya buɗe," ta ce. "Tun azahar yake ta to, to, to. Ina jin iskar nan ce ta karɓe shi."

Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin jirgin. Weji a warwatse, gungume babu. Na danna farce a kan gam, ya yi tauri kamar kwalba. Na ɗauko tiyo, na kai kusurwar hagu, na kai ta dama. Wutsiyar dama ta sauka kaurin yatsa biyu, kuma sabon bangon da na liƙa da hannuna ya riƙe ta gam a wurin.

Na hau tsaunin nan ban san lokacin da na kai ba. Steinar na kan taraktarsa, wasu maza na miƙa masa tsofaffin ƙofofi.

"Steinar, ina gungumena?"

"Na Oddvar? Ga shi can a tsakiya. Bana dai za a ga wuta."

"Wa ya ba ka?"

"Mai shi mana. Ke Turid, ni ba ɓarawo ba ne. Na tsuguna a gabansa na ce, Oddvar, wannan baƙin katakon yana da sauran aiki ne, ko mu kai wa wuta? Ya ce to."

"Sau nawa?"

"Me fa?"

"To ɗin. Sau nawa ya faɗa?"

"Ai ya yi ta faɗa. Har da buga keke. Na ce wa mutanen nan, ku dubi yadda yake murna, bana shi ma ya sa nasa a wuta." Ya ga fuskata, ya kashe injin. "Jirgin fa ko motsi bai yi ba. Yana kan ƙarafansa. Na buge weji, katakon ya zare kamar ba ya ɗauke da komai."

"A'a yake ce maka."

"To ya ce."

"Shekara nawa kuka yi a jirgi ɗaya, Steinar? Yaushe ka taɓa ganin Oddvar ya buga abu don murna? Yana zaune yana kallo kana zare tokarar jirginsa daga ƙarƙashi, yana yi maka ihu da iyakar abin da ya rage masa, kai kuma kana ɗaga masa hannu."

Na faɗi wasu maganganun bayan wannan waɗanda ba sai na maimaita ba. Na ambaci taraktarsa, da kunnuwansa, da duk mazan tsibirin da suke ganin in abu ba ya kama da jirgin kakansu to ba ya buƙatar hankali. Mutanenmu in an yi musu faɗa ƙasa suke kallo, su jira ka gama, wannan kuma ya fi ramawa ciwo.

Washegari da safe na tarar da gayya a filina, ba wanda ya gayyace su. Sun sauko da gungumen daga tsakiyar tarin, wanda sai da suka rushe rabinsa, sun zo da jak, Gunnvor ta zo da kofi da cuku. Haka muke ba da haƙuri a nan, ba ma faɗa da baki. Na ƙyale su suka gwada, duk da na san ƙarshen. Suka sa jak a wutsiyar dama suka ɗaga, ta hagu ta biyo ta sama. Suka sauke, suka sauko tare. Karkatar ta riga ta shiga jikin jirgin. Na bi liƙin da guduma ina saurare, ko'ina ƙarar lafiya yake bayarwa, babu tsaga, babu rami. Bango ne mai ƙarfi, zai ɗauki injinan ya kai mu ko'ina, sai dai a karkace.

Gyara ɗaya ne: in yanke shi gaba ɗaya, in kankare, in yi odar sabon falanki, in sake daga farko. Sankthans saura 'yan kwanaki. Kafin in gama an shiga watan ruwa da iska, kuma bazararmu ba ta jiran kowa. Na san duk wannan, amma na jawo injin yanka na jona wuta, don ban taɓa sakin aiki a karkace ba kuma ba a kan jirgin mijina zan fara ba.

"To, to, to."

Kumburarren hannun yana dukan keke. Steinar, da ke tsaye a bayansa, ya buɗe baki. "Kin ji, shi ma ya ce…" Ya cire hularsa ya sosa kai, ya dube ni, ni ɗin, ido cikin ido.

"Turid. Wannan wacce ce?"

"A'a ce."

Na juya kan Oddvar da injin a hannuna. "Kai kuma me? Ja zai riƙa yi zuwa dama, ka sani sarai. Ba yau ba, ba gobe ba, kullum. Ka saki sitiyari ya nufi duwatsu. Kuma duk wanda ya gan shi zai ce ga aikin Turid, wadda ta yi kwanaki tana rarrafe da tiyo. Ka bari in gyara. Baɗi ma akwai Sankthans."

Ya daina bugun. Ya sa hannun hagu ya ɗago na damansa, wanda ba ya motsi, ya riƙe shi a sama ina gani, sannan ya sake shi ya faɗi a kan bargo. Ya kalli jirgin, ya kalle ni. Ya ɗaga gira.

Na ji haushi kamar in yi kuka, na kuma yi, kaɗan, na ce ƙurar faiba ce. Na zare wayar daga soket. "Ku daina tsayuwa kuna kallona," na ce wa 'yan gayya. "Ga injina can, ba da kansu za su hau ba."

Ranar Sankthans da yamma, rana na nan sama kamar ba ta da niyyar faɗuwa, muka tura keken ya hau daɓen ba tare da ko girgiza ba. Gungumen ya koma tsauni. Wannan karon ni Steinar ya tambaya, ya kuma tsaya sai da na amsa da cikakkiyar jimla.

Muna fita daga tasha jirgin ya nuna halinsa. Na miƙe sitiyari, ya saci hanya zuwa dama. Na dawo da shi, ya sake. Ba ja mai ƙarfi ba ne, naci ne kawai, irin na akuyar da ta hango lambun maƙwabta. Dole hannu ya zauna a kansa yana danna shi hagu kaɗan, ba hutu. Ga igiyar baya na manta ban naɗe ba tana jan ruwa kusa da farfela, ga tayoyin kariya suna reto a gefe. Na saki sitiyarin na yi taku biyu, hancin jirgin ya nufi kwale-kwalen Steinar da ke ɗaure a tasha, na dawo da gudu ina zagin katako da kwalta da duk wanda ya ƙirƙiro wutar Sankthans. Na sake gwadawa, haka.

"Wannan shi ne abin da ka zaɓa," na ce wa Oddvar. Na fizgo kekensa na kawo shi gaban sitiyari, na taka birki, na kama hannunsa na hagu na ɗora. "Riƙe. Minti ɗaya. Hagu kaɗan, kada ka…"

Ban ƙarasa ba, don yatsunsa sun riga sun sami wurinsu. Na je na naɗe igiyar, na ɗago tayoyin. Da na ɗago kai na kalli bayanmu, sawun da muke bari a ruwa a miƙe yake tun daga inda na bar masa. Ya kauce wa dutsen da ke ɓoye a bakin mashiga ba tare da na ce komai ba, ya bi da mu ta inda ya saba bi. A kan tsauni hayaƙi ya fara tashi, baƙi, na kwalta.

Na goge hannu a wando na dawo. "Yauwa, kawo. Na gama."

"To, to, to," in ji shi, idonsa na kan ruwa.

Bai buga keke ba wannan karon, don hannun na kan sitiyari. Na koma na zauna a kan akwatin igiya na buɗe filas ɗin kofi.